BURMI DA GIGINYA DA SATIRU: WA ZAI TSARE FAGAGEN FAMAN ƘASAR NAN?

Ranar 27 ga watan Yuli na shekarar 1903, a wani gari mai ganuwa da ake kira Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe, aka yi karon ƙarshe tsakanin rundunar Turawan Ingila da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu. Tun da hantsi ake ɗauki ba daɗi har rana ta yi gora. Kafin duhu ya shiga Sarkin Musulmi ya yi shahada, shi da mutum fiye da 600 bisa lissafin su Turawan da kansu, aka tsinci gawarsa a tsakiyar tarin gawawwakin mabiyansa. Shi ma Manjo Marsh, madugun rundunar Turawa, bai ga ƙarshen yaƙin ba, gama kibiya mai dafi ta same shi. Aka rushe garin, aka watsa waɗanda suka saura. Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar nan ya san a wannan yini ne aka naɗe tabarmar daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya aza harsashinta shekara 99 kafin nan.

To, a shiga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko unguwannin Hausawa na Shagamu da Anacha da Fatakwal, a tara samarin da aka haifa a can, a tambaye su ina ne Burmi. Ba sai an yi ta ja ba, kowa ya san irin amsar da za a samu. Laifin kuwa ba na yaran ba ne. Yaro ba ya sanin abin da ba a nuna masa ba, balle ma ga shi an yi shekaru fiye da goma babu darasin tarihi a ƙananan makarantun ƙasar nan kafin gwamnati ta farga ta maido da shi. Abin da ya fi ban takaici shi ne ko uban yaron ya yi niyyar nuna masa, ya ɗauke shi a lokacin hutun salla ya nufi gida da shi, yawancin wuraren da aka zubar da jinin kakanninsa ba abin da zai tarar a cikinsu sai gonar dawa, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko jerin shaguna.

Burmi tana nan a Ƙaramar Hukumar Funakaye, ba nisa da Bajoga da kamfanin siminti na Ashaka. Kabarin Sarkin Musulmi yana wurin, kuma Jihar Gombe tana lissafa filin cikin wuraren da take alfahari da su. Wannan abin yabo ne. Amma fa sa sunan wuri a takardar yawon buɗe ido daban, tsare shi daban. Fagen fama ba kabari ɗaya ba ne. Fili ne mai faɗi, wanda ya haɗa da sawun ganuwa, da gwalalon da ya kewaye ta, da ƙofofin da aka yi turmutsutsu a bakinsu, da tudun da aka girka igwa, da hanyar da waɗanda suka tsira suka bi. Idan aka kewaye kabari aka bar sauran filin ga garma da zaizayar ruwa, an tsare shafi ɗaya ke nan na littafi, an bar sauran ga gara.

Dalilin da ya sa filin kansa yake da muhimmanci a fili yake. Akasarin abin da aka rubuta game da yaƙe-yaƙen 1903 hafsoshin da suka ci yaƙin ne suka rubuta shi, suka aika wa na gaba da su a Zungeru da London, kuma ba a taɓa jin mafarauci ya ba da labarin farauta ya rage wa kansa daraja ba. Rahotannin nan suna nan a ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Ingila. Wani jami'in mulki, D.J.M. Muffett, ya yi ƙoƙari ya ji ta bakin tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu, ya sa a littafinsa na 1964, kana Farfesa R.A. Adeleye ya biyo da nasa nazarin a 1971. Waɗannan tsofaffi duk sun riga mu gidan gaskiya. Shaidar da ta rage wadda ba ta karɓar cin hanci, ba ta kuma jin tsoron kowa, ita ce ƙasa. Inda kwanson harsashi ya taru, nan sojoji suka ja daga. Inda kawunan kibau suka yi yawa, nan maharba suka tsaya. Masana binciken kayan ƙarƙashin ƙasa suna iya bin waɗannan alamu taki-taki su zana yadda yaƙi ya gudana, har su gane inda mai rahoto ya yi ƙari ko ya ɓoye wani abu. Sai dai kuma sharaɗin aikin shi ne a tarar da kowane abu a inda ya faɗi. Kwanson da yaro ya tsinta a kunya ya kai wa 'yan gwangwan aka auna a sikeli ya tashi daga shaida, ya koma tagulla kurum.

Shi ma labarin Burmi ya fi ƙarfin yini ɗaya. Tun ranar 13 ga watan Mayu na wannan shekara mutanen garin suka kori wata runduna a ƙarƙashin Kyaftin Sword, ta juya da raunuka masu yawa. Kafin wannan kuma garin ya yi zamani a hannun Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai shi Lakwaja. Ayarin da ya biyo Sarkin Musulmi kuwa ba Sakkwatawa kaɗai ba ne. Akwai Etsu Nupe Abubakar, akwai Magajin Keffi Ɗan Yamusa, akwai Sarkin Misau Ahmadu, akwai zuriyar Alhaji Umaru Futi da suka gudo daga hannun Faransawa, ga kuma dubban talakawa da suka bar gonakinsu da niyyar hijira zuwa gabas. Waɗanda suka kuɓuta suka ci gaba da tafiya bayan ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, inda jikokinsu suke har yau. Watau dai fili ɗaya ne, amma ya haɗa Bida da Keffi da Misau da Sakkwato da Sudan da Mali. Wurin da ya tara wannan duka bai kamata a bar ɗawainiyarsa ga ƙaramar hukuma ɗaya ba.

A Sakkwato abin ya ɗauki wani salo. Ranar 15 ga watan Maris na 1903 aka yi yaƙin Giginya a bayan ganuwar birni, inda bindiga mai ruwa da igwa suka tarwatsa dawaki cikin ɗan lokaci, amma wasu tsirarun mazaje suka ƙi gudu, suka kewaye tutar Sarkin Musulmi har aka gama da su. Yau akwai filin wasa na Giginya, akwai barikin soja na Giginya, akwai otal na Giginya. Sunan ya rayu, gari kuwa ya haɗiye filin. Ba wanda zai zargi birni don ya bunƙasa, amma darasin a nan shi ne raɗa wa gini suna shi ne mafi araha cikin hanyoyin tunawa da mazan jiya, shi ya sa hukumomi suka fi son sa. Yaron da ya je kallon ƙwallo a Giginya zai iya fita bai san cewa a wannan yanki ne aka yanke wa ƙasarsa hukuncin shekara 57 na mulkin mallaka ba.

Ta Kano ma ba ta sake zane ba. Ranar 3 ga watan Fabrairu na 1903 Kanar Morland ya iso bakin ganuwa, bayan ya fasa Bebeji a hanya. Igwarsa ta kasa huda badala, sai da ya koma ta wajen Ƙofar Kabuga kana ya sami shiga, Sarkin Shanu Muhammadu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Wannan ganuwa da ta gagari harsashin igwa ita ce ta kasa gagarar masu haƙar ƙasar gini da masu neman filin shago. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan hukumar UNESCO ta amince da su tun 2007, amma hakan bai hana a rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba. Idan haka ta sami ganuwar da ke tsakiyar birni, a gaban idon sarki da gwamna da jami'a, to, ina ga Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a ƙarshen wannan wata? Ina ga Tabkin Kwatto na 1804, da Tsuntsuwa, da Alwasa, da kufan Alƙalawa?

'Yan Arewa mazauna Kudu sun fi kowa damar gane abin da ake nufi, domin suna da misali a ƙofar gida. Wanda duk ya shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Ikko ya tsaya gaban motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga watan Fabrairu na 1976, ya ga hudojin harsashi a jikinta, ya san bambancin ji da gani. Dattawa sukan shiga suna hira su fito shiru. A Umuwahiya akwai Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da aka kafa a 1985, inda aka ajiye jirgin ruwan yaƙi mai suna Bonny, da motoci masu sulke da nakiyoyin da mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da gidan rediyonsu ya yi aiki a ciki. An ajiye kayan ɓangarorin biyu a harabar gida ɗaya, sama ba ta faɗo ba. Wannan gida ma ai na 'yan Arewa ne kamar yadda yake na kowa, gama iyalai nawa ne a Katsina da Makurɗi da Zuru da Biu waɗanda ubanninsu suka tafi yaƙin 1967 zuwa 1970 ba su komo ba, suna kwance a bakin Kwara wajen Anacha ko a hanyar Abagana? A ƙasar Yarabawa kuma, mutanen Imesi-Ile da Igbajo ba su manta da fagen yaƙin Kiriji ba, wanda aka shafe shekara 16 ana gwabzawa tsakanin Badun da taron dangin Ekiti da Ijesha, suna kuma nuna wa baƙo wurin da aka ƙulla sulhun 1886. Ba a ce komai ya kammala a waɗannan wurare ba, su ma suna kukan rashin kuɗi da tsatsa da yoyon rufi. Amma mai neman gani yana da inda za shi.

Sai maganar kaya, wadda ta fi ta fili gaggawa. Fili in an yi sa'a yakan jure shekara ɗari. Lifidi ba ya jurewa. A fadoji da gidajen sarauta da zaurukan malamai na Arewa akwai dukiyar da ba wanda ya san adadinta: sulke da kwalkwali, garkuwar fatar farin barewa da ta giwa, takubba masu rubutu a jiki, masu da asigiri, kwari da baka, bindigogin toka, tambura, tutoci, da wasiƙun da sarakuna suka aika wa juna a daren tashin hankali. Wasu ana fito da su ranar hawan salla a sa wa doki, rana ta duka su, gumi ya jiƙa su, a mayar ɗaki a jibge. Wasu suna cikin adaka a ɗakin da ke yoyo. Idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado, takobin da ya je Giginya sai a yi masa kuɗi tare da tukwane da tabarmi, ya faɗa hannun magajin da bai san labarinsa ba. Daga nan sai dillali. Mazauna Ikko sun san sauran zancen, domin sun sha ganin irin waɗannan kaya a shimfiɗe a harabar manyan otal-otal ana yi wa baƙi tayi, kuma abin kunya ne a faɗa, amma sau da yawa mai tallan ɗan gida ne.

Ba wai babu abin koyi a Arewa ba. A Argungu, tsohuwar fadar da Yakubu Nabame ya gina ita aka mayar Gidan Tarihi na Kanta tun 1958, aka tara makaman Kabawa da kayan yaƙinsu a ciki. Akwai Gidan Makama a Kano, akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970. Gidajen suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rajista, watau littafin da zai ce ga takobi kaza, a gidan wane yake, daga yaƙi kaza ya fito, ga hotonsa, ga tsawonsa, ga rubutun da ke jikinsa. Ba dole ne a raba iyali da gadonsu ba, kuma duk shirin da ya fara da ƙwace zai mutu tun a zaure, domin jama'a za su ɓoye abin da suke da shi. A bar wa kowa kayansa, a rubuta, a ɗauki hoto, a koya masa yadda zai kare su daga danshi da gara, a kuma yi masa alkawarin cewa ranar da talauci ya matsa masa, hukuma za ta saya da daraja kafin dillali ya ji labari.

Amfanin rajista ya fito fili a Sudan. A Omdurman akwai gidan Halifa Abdullahi, inda aka adana makamai da tutoci da rigunan Ansar na zamanin Mahadi da na yaƙin Karari na 1898. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 bai bar shi ba, an wawashe shi kamar yadda aka wawashe babban gidan tarihi na Hartum. Abin da aka rubuta aka ɗauki hotonsa, ana iya cigiyarsa a kasuwannin duniya a ce na sata ne. Abin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan. Wanda ya dubi halin da gabashin Sakkwato da Zamfara suke ciki, inda 'yan bindiga suka sa zuwa Alƙalawa ko Kwatarkwashi ya zama kasada, ko ya tuna harin da aka kai Sukur a 2014, ba zai ce wannan gargaɗi ya yi nisa da gida ba.

Akwai masu cewa a fara da neman kayan da Turawa suka kwashe. Suna da hujja. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru ta zauna a hannun soja tun 1903, sai a 1960 aka miƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. A 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Futi, surukin Sarkin Musulmi Bello. Jamus ta fara maido da kayan Binin a 2022, Holan ta biyo da guda 119 a 2025, kuma a 2024 aka kai wa Asantehene wasu kayan zinariyar kakanninsa a Kumasi, ko da yake da sunan aro. Mutanen Binin sun kai ga haka ne domin sun yi shekaru suna bin sawun kayansu ɗaya bayan ɗaya, sun san abin da suke nema da inda yake. Wanda bai ƙidaya abin da ke cikin ɗakinsa ba, da wane baki zai je London ya ce ga abin da ya ɓace masa?

Uzurin da aka fi kawowa shi ne na kuɗi: ana fama da yunwa da tsadar taki da rashin tsaro, wa ke ta kufai? Maganar tana da nauyi, ba a raina ta ba. Amma a duba abin da ake roƙo. Ba a ce a gina bene mai hawa goma a Burmi ba, hasali ma irin wannan kwangila ita ce hanya mafi sauri ta lalata wuri, domin katafila za ta share shaidar da aka zo tsarewa. Abin da fili yake bukata da fari shi ne ma'aikatan safiyo su auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a buga a gazet, a biya manoman da abin ya shafa diyya ta gaskiya ko a yarda su ci gaba da noman fartanya ban da haƙa da gini, a sa mai gadi ɗan garin wanda albashinsa ba ya makara, a kafa allo da Hausa da Fulatanci da Turanci da ajami. Duka wannan bai kai kuɗin motar alfarma ɗaya ta babban jami'i ba. Doka kuwa ba ta hana ba. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta tanadi hanyar ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, ta kuma haramta fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna bisa amana. Tsarin mulki ya bar wa majalisun jihohi ikon yin doka kan wuraren da Tarayya ba ta ɗauka ba. Saboda haka gwamnan da ya ce yana jiran Abuja, neman mafaka kawai yake yi.

Wasu malamai kuma suna tsoron kada tsare irin waɗannan wurare ya buɗe ƙofar bautar kaburbura. Tsoron yana da tushe, maganinsa kuwa shi ne tsari da mai kula, gama wurin da aka yi watsi da shi ne jahilci ke samun sakewa a cikinsa. Alhazan da suka je Madina sun ga yadda aka katange makwancin shahidan Uhudu, sun kuma hau tudun maharba sun fahimci yadda yaƙin ya juya, fahimtar da karatun shekara ba zai ba su ba. Su kansu shugabannin jihadi ba su ɗauki wannan aiki da wasa ba. Malam Abdullahi na Gwandu a cikin Tazyinul Waraƙati, da Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri, sun rubuta yaƙe-yaƙensu wuri-wuri, da nasara da akasinta, ba su ɓoye asarar Tsuntsuwa da Alwasa ba.

Uzuri na uku shi ne wanda ba a cika furtawa ba, shi ne kuwa ainihin abin da ke sa manya yin sanyin jiki: fagen fama yana tona asiri. Rundunar da ta ci Kano tana da sojoji baƙar fata sama da 700, Turawan cikinta ba su kai 50 ba, kuma da yawa daga masu riƙe da bindigogin Hausawa ne, wasunsu bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu. Asalin wannan runduna ma a Ikko yake, a cikin 'yan Hausar da Gwamna Glover ya fara ɗauka a 1863, waɗanda rundunar sojan Nijeriya ta yau take kirga tarihinta daga gare su. Satiru ta fi ɗaci. A watan Fabrairu na 1906 talakawa da malamai da gudaddun bayi na wannan ƙauye, mai nisan kamar mil 14 kudu da Sakkwato, suka kashe Razdan Hillary da Turawa biyu da sojoji 25, da gatura da fartanyu da kibau. Ranar 10 ga watan Maris aka komo musu, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin, aka hana sake gina shi, kuma dawakin sarakuna suna tare da Turawa a wannan rana. Bayan makonni kaɗan, a watan Afrilu, Sarkin Haɗeja Muhammadu ya zaɓi ya mutu da takobi a hannu. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, ga sarkin da ya yi shahada, ga sarakunan da suka taya baƙo. Haka nan Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808: ga wani ranar buɗi ce, ga Bagobiri kuwa ranar da aka kashe Sarki Yunfa aka watsa birnin kakanninsa.

Wannan ɗaci ba dalilin binne wuraren ba ne. Al'ummar da ta tsare Burmi ta bar Satiru ta zaɓi tarihin sarakuna ta yar da na talakawa, kuma jam'iyyar da ke neman ƙuri'ar talaka ba ta da hujjar goyon bayan irin wannan zaɓe. Allon da za a kafa a Alƙalawa ya ɗauki bayanin Sakkwato da na Sabon Birni da na Tsibiri. Na Burmi ya ambaci Attahiru, ya ambaci Marsh, ya ambaci sojan haya da ba a san sunansa ba wanda wataƙila ɗan Zazzau ne. Habasha ta buɗe katafaren gidan tunawa da Adwa a 2024 domin ta ci yaƙinta na 1896. Tsare wurin da aka sha kashi ya fi wuya, ya kuma fi nuna girman mutane.

Saura rawar da 'yan ci-rani da mazauna Kudu za su taka, kuma ba ƙarama ba ce. Kusan kowane gari na Arewa yana da ƙungiyar 'ya'yansa a Ikko ko Badun ko Fatakwal. Waɗannan ƙungiyoyi sun gina masallatai a gida, sun haƙa rijiyoyi, sun kai gawa, sun yi wa marayu aure. 'Yan kasuwar shanu da na goro da na gwari da masu canji sun saba haɗa kuɗi mai kauri cikin mako guda idan abu ya taɓa zuciyarsu. Ƙungiyar Gombawa za ta iya ɗaukar nauyin auna filin Burmi da buga taswirarsa, ta miƙa wa gwamnati aiki a gama, ta ga ko za a sami bakin ƙi. Ta Haɗejawa za ta iya biyan ɗalibai biyu su zaga gidajen zuriyar waɗanda suka faɗi a 1906 da na'urar ɗaukar magana da ta hoto. Sarakunan Hausawa na biranen Kudu, waɗanda gwamnoni da 'yan takara ke zuwa gaishe su duk lokacin zaɓe, suna da bakin da za su tambayi baƙonsu nawa ya sa wa wuraren tarihi a kasafin bana. Makarantun Islamiyya na Sabo da Agege kuwa, da suke kai yara gidan namun daji, ba abin da zai hana su kai su Onikan, ko su roƙi a kawo musu hotunan Burmi a rataye a aji.

Wakilan wannan jam'iyya a Majalisar Tarayya da majalisun Gombe da Sakkwato da Kano da Jigawa da Zamfara su ma ga aiki a gabansu wanda ba ya bukatar gyaran tsarin mulki: ƙuduri ɗaya a kowace jiha, mai ɗauke da sunayen filayen da iyakokinsu da hukuncin wanda ya haƙa ko ya yi gini a ciki. Ranar 27 ga watan Yuli takan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da garma ke cikin ƙasa a Funakaye, saboda haka aikin awo sai dai a yi shi da rani, bayan an kawar da amfanin gona, kafin a fara sharar wata shekara.